Shekara Goma Sha Biyu Babu Heluma, Ga Shi Ana Cike Kududdufi

Da daminar bana maigidana yake cika shekara goma sha biyu a ƙasa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan. Sunansa na yanka ban taɓa faɗa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Duk yankinmu Heluma ake ce masa, domin shi ne shugaban leburorin hanya na ƙaramar hukumarmu har ƙarfinsa ya ƙare. Ni ban yi boko ba. Abin da kuke karantawa da bakina na faɗe shi, 'yata Hajara da take koyarwa a firamare ta rubuta, na kuma sa ta maimaita mini shi sau biyu don kada ta zuba masa sukari.

Bai taɓa zama kansila ba, bai taɓa neman kujerar kowa ba. Diga da shebur da baro, su ne kayan aikinsa. Amma yana da wani hali da ya sha bamban da na sauran ma'aikata: ba ya yarda da hanya sai ya gan ta a cikin ruwa. Da hadari ya sauko, kowa yana gudun ɗaki, shi sai ya kifa buhu a ka ya fita, ya bi ruwa lungu-lungu yana kallon inda ya nufa da inda ya tsaya. Na yi faɗa har na gaji. Wata rana ya dawo jagab yana rawar sanyi, na ce, "Malam, magidanci da iyali yana bin ruwa kamar agwagwa?" Ya ce, "Ke dai ɗumama mini kunu. Injiniya da rani yake zuwa, ruwa kuma da damina. Ba su taɓa haɗuwa ba. Dole wani ya riƙa kai musu saƙon juna."

Mutumin birni ba lalle ya gane damuwata ba, to bari in faɗa masa yadda muke zaune. A garuruwanmu gida yana jingine da gida, gona tana jingine da gona, babu tazarar da akuya za ta kwanta ba a san mai wurin ba. Ruwan sama in ya sauko ta indararo, sai ya bi tsakar gida, ya fita ta rariyar da ke gindin katanga, ya shiga lungu. Lungunan unguwarmu kuwa gangarensu ɗaya ne, duk kududdufin bayan masallaci suke nufa. Daga nan kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina gidajen nan. Ramin da gidajen suka fito daga cikinsa, shi ne yake shanye ruwan da zai rushe su. Da damina ya cika ya batse, kainuwa ta rufe shi. Da rani ya bushe ƙaƙas, har a shanya kaya a ciki.

A wannan bushewar ne masifar take. A wata shekara ta tsadar abinci, lokacin da garin rogo ya zama tuwon dare a gidaje da yawa, hukuma ta rasa inda za ta samu kuɗin shiga. Sai ga mutane da igiyar awo, a tsakiyar rani, suka auna kududdufin za a cike a yi rumfuna. Heluma ya ɗan yi ajin yaƙi da jahilci, yana haɗa baƙi. Ya leƙa takardarsu, ya ga abin da suka rubuta a kan wurin: fili. Kalmar nan ta hana shi cin abinci ranar. Yana ta maimaitawa, "Fili. Wai fili."

Bai yi gardama da kowa ba. Ya je wurin kansilan wancan lokaci, wani dattijo mai cinikin gyaɗa, shi ma ya riga mu gidan gaskiya, ya roƙe shi abu ɗaya, a dakata sai marka. Da marka ta kankama, aka kwana uku sama ba ta ɗauke ba, sai ya je har gida ya ɗauko shi. Ya kai shi bayan masallaci, ruwa yana lasar katanga, kwaɗi suna ta kuka. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga filin. Ta ina za a fara kafa rumfar?" Kansila ya tsaya yana tattare babbar riga, ya fashe da dariya, ya ce, "Heluma, Allah Ya shirye ka. Ai sai ka ce in taho da kwalekwale." Aka soke kalmar daga takarda. Daga nan har ya rasu ba wanda ya sake taɓa wurin.

Yanzu ga mu a wasu shekarun na wahala, waɗanda a ganina sun fi waɗancan. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: bana an yi mana hanya. Hanyar da Heluma ya shekara yana roƙo, yana cike ramukanta da kwando, ita ce gireda ta zo ta baje, aka zuba mata marmara. Yau mai naƙuda za a sa ta a mota har asibiti, ba a amalanke ba. Da yana nan, na san sai ya yi hawaye. Amma na kuma san ba zai kai ƙarshen hanyar ba sai fuskarsa ta sauya, domin abin da na gani shi ma zai gani. An ɗaga ta ta fi dokin ƙofar gidajenmu tsawo. A inda lungun masallaci yake tsallakawa zuwa kududdufi ba a sa kwalbati ba. Ƙasar da ta ragu kuma, tifa bayan tifa, cikin kududdufin ake juye ta. An kakkafa turaku. Na sa Hajara ta karanta mini allon da suka kafa. Kalmar nan ce dai ta dawo. Fili ne, wai, za a yanka fuloti a raba wa marasa muhalli.

A nan ne maganar ta shigo cikin gidana. Ɗana Habibu yana cikin marasa muhallin. Shi da matarsa da 'ya'ya biyar a ɗaki ɗaya suke a wani gidan, babbar 'yarsu ta fara girma, a ɗakina take kwana. Gonar da ubansu ya bari, da aka raba ta tsakanin 'yan'uwa, kowa 'yan kunyoyi ya samu. In ya yi gini a nasa rabon, me za su ci? Ranar da sunansa ya fito ya shigo da fara'ar da rabona da ganinta a fuskarsa tun yana saurayi. Ya durƙusa ya ce, "Inna, Allah Ya yi. Na samu fuloti." Na ce a ina. Da ya faɗa, ban ce masa barka ba. Na ga lokacin da fara'ar ta zube.

Washegari na ɗauki mayafina na tafi gidan kansilanmu na yanzu. Ɗan ƙawata ne, a gabana aka yanke masa cibiya, don haka ban tsaya neman iso ba. Ya taso da sauri yana cewa, "Inna, ai da kin aiko." Na ce, "Na aiki idona, ya dawo ya ce mini babu kwalbati." Ya yi dariya, ya ce kwalbati yana cikin kasafin baɗi. Ya ce kududdufin nan gidan sauro ne, kuma in tuna da yarinyar da ta taɓa faɗawa ciki ba a same ta da rai ba. Na tuna. Ni na riƙe uwarta ranar. Ban isa in ce masa ƙarya yake yi ba.

Na ce, "To ruwan fa, ina za shi?"

Ya ce, "Za a yi magudana, Inna."

"Kafin damina ko bayanta?"

Ya ɗauki wayarsa ya jujjuya, ya ajiye. Can ya ce, a hankali, ba da rashin kunya ba, "Inna, ɗanki ma fa yana ciki."

Wannan maganar na taho da ita gida, har yau tana zaune a ƙirjina.

Kullum ina tambayar kaina, da Heluma yana nan me zai yi? Ba zan yi wa mamaci ƙarya in ce na sani ba. Yana son Habibu, ya fi kowa sanin zafin mutum ya rasa inda zai sa iyalinsa. Dabararsa ta wancan karon ma ba za ta yi aiki ba yau. Shi ya samu wanda zai jira marka, ya kuma yarda ya jiƙa rigarsa. Yanzu tifa ba ta jiran kowa. Kafin marka ta zo an gama binne shaidar, waɗanda suka sa hannu a takarda kuma suna can sakatariya, ƙafarsu ba za ta taɓa laka ba. Abu ɗaya kawai na tabbata: ba zai yarda a kira wurin nan fili ba, ko da ɗansa ne zai amfana. Ba don taurin kai ba. Don ya san ruwan da aka hana masaukinsa ba ya komawa sama. Gidajen mutane yake shiga, kuma wanda aka gina a kan masaukin yake fara nema.

Liman da mai unguwa suka rubuta takardar koke zuwa ga hukuma, a dakatar da cikon, a sa kwalbati kafin ruwa ya zauna. Aka ce magidanta su sa hannu, gidan da babu namiji kuma uwar gida ta dangwala yatsa. Mutane suka yi ta noƙewa, domin kusan kowa yana da ɗa ko ƙane a cikin masu fuloti. Ni na fara dangwalawa. Na san abin da na yi. Tun daga ranar Habibu bai sake shigowa gaishe ni da safe ba. Matarsa yake turowa, ta gaishe ni idonta a ƙasa. Ba na ganin laifinsa. Ni ma in ni ce, uwata ta sa yatsa a kan ɗakin 'ya'yana, ban san yadda zan kalle ta ba.

Makon jiya aka yi ruwan farko, da la'asar, ba ma wani mai yawa ba. Na tsaya a bakin ɗaki ina kallon rariyarmu. Ruwa ya fita kamar yadda ya saba. Jim kaɗan sai na ga ya tsaya, sannan ya juyo yana shigowa, ɗauke da karmami da kashin awakin lungu. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin rariya ta yi aman ruwa ciki ba. Da gari ya waye danshi ya hau katanga kamar taƙi guda. Katangar ƙasa ce, irin ta kowa a unguwar. A wannan zamanin da buhun siminti ya fi ƙarfin talaka, wadda ta faɗi ta faɗi ke nan. Kuma ba a cika faɗuwa a kan wofi ba, akwai masu kwana a gindinta. Na sa an ɗora buhunan gero a kan duwatsu. Takardarmu an kai kwafinta ofis, ba amsa. Tifa kuwa jiya ma ta zo sau biyu.

Shekaranjiya na aika aka kira mini Habibu, na ce ko ba ya so ya zo. Ya zo ya tsuguna nesa da ni. Akwai turakar ubansa a gidan nan. Tun da aka fitar da gawarsa daga cikinta na rufe ta, ni kaɗai nake shiga in share, ban taɓa bari ko jika ya kwana a ciki ba. Na miƙa masa makullin. Na ce ya buɗe, ya fitar da kayan, ya haɗa da garken awakina da ke bayanta, ya tayar da ɗaki biyu. Awakin a kai su kasuwa.

Ya kalli makullin bai karɓa ba. Sannan ya ce, "Inna, in aka gama cike kududdufin nan, ita ma turakar ba za ta kai kaka ba."

Na ce, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Na sani mana. Ɗan wa ne ni?"

Na ce, "To takarda tana wurin liman, akwai sauran wuri a ƙasanta."

Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Makullin dai ya ɗauka.

Na daɗe ina zaton abin da ya rage mini na mutumin nan shi ne ɗakin da nake sharewa. Ashe ɗaki ƙasa ne, ruwa ɗaya ya ishe shi. Hanyoyin da ya gyara duk an binne su a ƙarƙashin sababbi, a sakatariya ma ba na jin akwai wanda zai tuna da shi. Abin da ya bari yana cikin mutanen da ya hana kwanciyar hankali, ni da ɗan nan nasa, waɗanda ba za mu iya cewa ba mu sani ba. Gado ne mai nauyi, ban kuma san ko zai ishe mu tsare unguwar nan ba. Ni na sa nawa yatsan. Saura na wanda zai yi asarar fuloti, domin nasa ne za a duba a ofis a san maganar ba hassada ba ce. Yau da azahar na tambayi liman, ya ce Habibu bai zo ba tukuna. Gabas kuwa tun hantsi take haɗa baƙi.