Goggo Herminia, Wadda Mama Ta Fi Jin Maganarta

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Goggo Herminia Zárate a asibitin garinmu, Tlacolula, bayan kwana shida tana fama da ciwon huhu. Shekarunta saba'in da huɗu. Ina ofis ina yi wa wani dattijo bayanin yawan waken da zai riƙa ci, aka leƙo aka faɗa mini. Na ƙarasa bayanin, na raka shi bakin ƙofa, sannan na zauna.

Goggo, an yabe ki a coci, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Ni abin da zan faɗa daban ne. Shekara tara na yi ina kishinki, ina jin kuma kin sani.

Ke ce aminiyar Mama, Remedios, tun kuna 'yan mata, ke kika riƙe ni ranar baftismata. Sana'arki gasa gurasar masara a bakin kasuwa. Ciwon sukari ya kama ki ina firamare, kika zauna da shi shekara talatin, ko ɗan yatsa bai ci miki ba. Ni kuwa na tafi birnin Oaxaca na yi shekara biyar ina karatun ilimin abinci, na dawo da takardar shaida, aka ba ni aikin tsara wa masu sukari abin da za su ci.

A shekarar da na fara aiki ciwon ya kama Mama. Na zauna na rubuta mata tsari mai kyau, na manna a jikin firij: ban da lemon kwalba, ban da burodi mai zaƙi, gurasa biyu kacal a zama guda, a yawaita ganye. Ta karanta, ta dube ni.

"Araceli, ni da na shayar da ke, yau ke za ki ƙirga mini loma?"

Ta koma ɓoye lemo a kwandon wanki. Cikin wata takwas gyambo ya fito mata a diddige, ya ƙi warkewa. Likita ya ce in sukarin bai sauka ba nan da wata uku, ƙafar ba za ta tsira ba. Ranar na yi mata ihu, na tsiyaye kwalaben a kwata tana kallo. Mako biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Sai ga ki da tsakar rana, da kwanonki a hannu. Kika ce wa Mama tun da mijinki ya rasu abinci ba ya wuce miki wuya in kina ke kaɗai, ki taimaka, Remedios, mu ci tare. Ba ki ambaci sukari ba. Kika fara zuba mata soyayyen ganyen nopal, wani tsiro mai ƙaya da muke ci, da ƙwai da wake, sai da cikinta ya ɗauka kika fito da gurasa. Ƙanana kika gasa, ba su kai tafin hannu ba, don ta ci huɗunta kamar yadda ta saba. Zoɓon da kika kawo ba sukari, sai kirfa, kuma a kwalbar lemo kika ɗura shi. Da kun gama sai ki ce ta taso ku taka zuwa coci, akwai labarin matar mahauci da ba ya faɗuwa a gida.

Kullum haka, har da ranar Lahadi. Gyambon ya haɗe. Da muka koma wajen likita, ina tsaye a gefenta da farar rigata, ya tambaye ta me ta yi. Ta ce, "Herminia ce ta cece ni." Ba abin da kika ba ta wanda babu shi a takardar nan ta jikin firij. Har yau ban manta ba.

Abin bai tsaya a gidanmu ba. Marasa lafiyana suka fara karɓar takardata su wuce da ita rumfarki. Wani direban bas, Cirilo, ya linke tasa a gabana ya ce, "Kin kyauta, Malama. Bari in kai wa Goggo Herminia ta duba ko daidai ne."

A nan na yi abin da nake jin kunyarsa. A taron ma'aikata na ce akwai wata mai gurasa da ba ta da shaidar komai, tana ruɗa mana marasa lafiya, ya kamata a ja mata kunne. Maganar ta kai kasuwa kafin la'asar. Washegari kika shigo ofishina da wata tsohuwar jaka, kika zazzage ta a kan tebur. Takarduna ne, sun fi arba'in, sun sha maiƙo.

"Malama likita, na zo a ja mini kunnen," kika ce. "Amma kafin nan, wannan ta Cirilo, mangwaro rabi kika ce ko guda? 'Yata Ofelia ce ke karanta mini, rubutun naki kuwa kamar tsutsa ta faɗa tawada."

Ashe ba ki taɓa sauya mini ko kalma ba. Haddacewa kike yi, ki mayar da ita girki, ki ce musu 'yar Remedios ce ta faɗa. Su ne ba sa jin wannan ɓangaren. Na so a ce na kama ki da laifi. Ko wannan ba ki bar mini ba.

Kwana shidan da kika yi a asibiti, Mama ba ta matsa daga gefen gadonki ba. Da cokali take ba ki romo, tana yi miki faɗa in kin kawar da kai. Lokacin da na haihu kwana biyu ta yi a wajena. Ina tsaye a bakin ƙofa ina lissafa wannan, ke kuma kina neman numfashi. Allah ya yafe mini.

Da aka gama rufe ki, jama'a suka watse, Mama ta riƙe hannuna ta nuna mini ɗan filin da ke gefenki. Ta ce ta yi magana da Ofelia, nan za a sa ta. Na ce, "Mama, ga wuri can kusa da Baba, tun yaushe aka ajiye miki." Ta ce, "Ubanki ba ya hira." Ta saki hannuna ta yi gaba, a kan ƙafafunta biyu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ofelia da ɗan'uwanta Gaudencio, da jikoki, da matan bakin kasuwa, da duk wanda ya taɓa zama a bencin rumfar Goggo. Allah ya ba ku haƙuri. Ke kuma Goggo, Allah ya ji ƙanki, ya gafarta miki, ya saka miki da alherin da ni na kasa gode miki a kansa, ya ba ki hutu a wurinsa. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki yi saurin kiran ta. In kin kira, za ta amsa. Ki bar mini ita 'yan shekaru.