Gobnait Hanafin da Rigar Mijinta

Ranar Talata, 25 ga Janairu, 1921, na fara ganin Gobnait Hanafin, a ƙofar baya ta wani gida a arewacin Dublin inda majalisarmu ta masu neman 'yancin kai, wadda 'yan mulkin mallaka suka haramta, ta yi zama a ɓoye. Ni ne mataimakin akawu, aikina kiran sunayen wakilai da rubuta amsa. Ta zo da kwandon wanki a ƙugu, ruwan sama ya jiƙa mata mayafi, ta ce a kira mata mai littafi.

Mai wanki ce, shekarunta arba'in da uku. Mijinta Malachy malamin makaranta ne, mutanen wata mazaɓa ta yamma suka zaɓe shi wakili. Kwana goma sha tara kafin wannan rana sojoji suka sauke shi daga jirgin ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta je bariki uku da gidan yari biyu, ko'ina aka ce babu mai wannan suna.

Majalisar tana da al'ada tun zamanta na farko. Ana kiran sunan kowane wakili, ko da an san ba ya nan. Idan kama shi aka yi, wani ya miƙe ya amsa masa: "Yana tsare a hannun baƙi." Sai a rubuta, takardar da majalisa ke bugawa a ɓoye ta kai sunan ga jaridun ƙetare. Gobnait ta lura cewa wanda sunansa ya fito haka ba a cika tsintar gawarsa a bakin hanya ba. Wanda aka rubuta masa "bai zo ba" kuwa, babu mai tambayarsa.

"Malam akawu, me ka rubuta wa mijina?"

"Bai zo ba."

"Bai zo ba? Daga makaranta ya gudu, ko barci ya makara?"

"Baiwar Allah, ƙa'ida ce. Sai wakili ya miƙe ya shaida cewa a hannunsu yake. Ba na rubuta abin da ba a faɗa ba."

"Maza cike da ɗaki, babu mai baki?"

"Babu wakilin da ya gani."

Wakilai kusan saba'in ne a littafin, amma ashirin da 'yan kai suka iya zuwa, kowa sanye da kwat ɗinsa don gudun ko-ta-kwana. A gurguje suke duba kotunan ƙauyuka da rikicin gonaki, su watse ɗaya bayan ɗaya.

Gobnait ta bi su maɓoyarsu, mutum bakwai, tana roƙon su shaida wa mijinta. Na ƙarshe shi ne Thady Mulvihill, tsohon likitan dabbobi, wanda ta shekara goma tana yi masa wanki. A saman wani gidan burodi ta same shi.

"Baba Thady, kalma biyar ce fa. Ka ci dankali a tukunyata, ka riƙe ɗana ranar da aka raɗa masa suna."

"'Yata, idan na shaida abin da ban sani ba sau ɗaya, duk sunayen da ke littafin sun zama ƙarya. Ran mutum talatin da ke tsare yana rataye da shi."

"To nawa ya mutu don naku su tsira?"

Ta juya ta sauko.

Washegari ta nemi aiki a gidan wankin da ke karɓar kayan barikoki. Maƙwabta suka daina gaishe ta. Wata ta tofa mata yawu a bakin famfo, ta kira ta mai wanke wa abokan gaba wando. Ba ta yi wa kowa bayani ba, don maganar za ta iya komawa bariki. Masu wanki a unguwarsu suna da yadda suke gane kaya: kowane gida da alamarsa ta zare a cikin wuyan riga. Ta gidan Hanafin ɗinki uku ne na jan zare. Mako biyar tana juya wuyan kowace riga, hannuwanta suka tsattsage, har ta fara ganin jan zare inda babu shi.

Ranar 8 ga Maris ta sami rigar mijinta, a ƙullin wani barikin da ya kore ta sau biyu. Jinin da ke wuyan rigar bai gama yin baƙi ba. Ta cusa ta cikin zanenta, ta ci gaba da cuɗa har aka tashi.

Majalisa ta sake zama ranar Juma'a, 11 ga Maris. Mai gadin ƙofa ya tare ta, ta ture shi da kwandon ta wuce. Daidai lokacin na kira sunan Malachy, babu wanda ya miƙe. Ta shimfiɗa rigar a kan takardun kotunan ƙauyuka.

Wani wakili ya ce, "Yau kuma wanki aka kawo mana?"

"Ai kuna da buƙatarsa," in ji ta. "Baba Thady, duba wuyan."

Tsohon ya juya wuyan rigar, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɓalle tasa rigar, ya jawo wuyanta gaban idonsa. Ɗinki biyu ne na shuɗin zare, hannu ɗaya ya yi su da na jan zaren. Ya tambaye ta wane bariki, da wace rana. Sannan ya miƙe.

"Malachy Hanafin. Yana tsare a hannun baƙi."

Na rubuta. Ba ta tafi ba sai da ta ga tawadar ta bushe.

Bayan kwana tara da fitowar sunan a jarida, barikin ya amsa cewa yana hannunsa, aka mayar da shi gidan yari. An sake shi a watan Agusta, ya fito da tarin da bai rabu da shi ba, ya rasu a Fabrairun 1923. Gobnait ta ci gaba da wanki har 1938. Ta rasu a Dublin a 1941, a gidan ɗanta.