Allurar Fijon Joshuwa

Joshuwa mutumin Zonkwa ne. Yana saurayi ya zo Kano, ya kama aiki a wata masaƙa a Sharada, bai bar gaban injin saƙa ba sai da aka rufe kamfanin. Ya fito da tsohuwar Fijo da wani manaja ya sayar masa, amma ƙarar inji ta riga ta cinye masa kunne.

Tunda ba ya jin kukan mota, da ido yake tuƙi. A gaban sitiyari akwai agogon da ke nuna gudun inji. In allurarsa ta hau, ya sa giya. In ta sauka, ya rage. Haka ya yi shekaru yana kai matarsa Ladidi coci, yana ɗauko mata buhunan wake daga Dawanau.

Wata damina allurar ta fara rawa. Ta zabura sama, ta faɗo, ta tsaya cak, mota kuwa na tafiya. Ya ajiye motar a ƙofar gida, ya daina fita. Ladidi ta lura ko abinci ya rage ci.

'Yarsa Dabora ta tada motar, ta kasa kunne. Ta zo dab da shi ta ɗaga murya: "Baba, lafiya ƙalau take kuka!"

"Ke kika ji," ya ce. "Ni abin da na gani ke nan."

Ita ta matsa suka je wurin Abdulbaqi, mai gyaran wayar mota a Bompai. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga wadda ke ɗaure a jikin ƙarfen motar. Ruwa ya shiga, tsatsa ta ci bakinta. Ya kankare, ya ɗaure, allura ta nutsu.

"Baba, ku dai riƙa zuwa ana dubawa," in ji Abdulbaqi. "Wayoyin duk sun tsufa, wata ma za ta saki."

Dabora ta maimaita masa. Joshuwa ya daɗe yana kallon cikin injin, sannan ya ɗago ya dubi Dabora.

A hanyar komawa ya ratse wani fili a Hotoro, ya fito ya zagaya, ya ce Dabora ta koma kujerar direba ya koya mata tuƙi. Motar ta yi ta mutuwa a hannunta, bai yi faɗa ba. Da Kirsimeti ta zo za su gida Zonkwa, ita ta ja su har Zariya, sannan ya karɓi tuƙin.