Sunan da Ba Zan Ba Su Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Injiniya, kuma sai a makon nan kamfanin da ya yi wa bauta ya tuna yana da iyali. Wasiƙa suka aiko mini har gida a garin Largo, wai suna neman izinina su sa sunansa a ƙofar ɗakin gwajinsu.

A ɗakin nan ya ƙarar da ƙarfinsa, yana haɗa makamin da ke harba igiyar maikurowef ta ƙone ƙwaƙwalwar jirgi marar matuƙi, ya faɗo kamar kurciyar da aka jefa. Da na kasa gane bayaninsa, cokali mai yatsu ya saka a maikurowef ɗin kicin, na'urar ɗumama abinci, tartsatsi ya tashi. "Kin gani, Hajiya? Na'ura yake kashewa, ba mutum ba." Na ce ya fito mini da cokalina.

Sai zuciyarsa ta fara gardama, likitoci suka dasa masa 'yar na'ura mai daidaita bugunta. Ya zama irin abin da makaminsa ke kashewa. Hana shi shiga ɗakin daidai ne, ni nas ce, na sani. Amma ko tebur a wani ofis ba su ba shi ba. Ya je da safe, katinsa ya ƙi buɗe ƙofa, mai gadi ya miƙo masa kayansa a kwali. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Bai ƙara shekara biyu a duniya ba, kuma ko ɗayansu bai zo gaisuwa ba.

Yau jiragen nan sun cika fagen yaƙi, makamin ya yi kasuwa. Da yana nan, na san zai yi murna ya manta komai, don shi ba ya riƙo. Ni ina riƙo. Kullum ina tsaye kan marasa lafiyar da ransu ke rataye da na'ura, don haka kada wanda ya sake ce mini abin nan ba ya kashe mutum.

Abin da ya rage mini nasa kaɗan ne: 'ya'ya uku, cokali mai ƙonannen baki, da sunansa. Shekara ashirin da huɗu muna tare, ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, don girmamawa. Ƙofar da ta ƙi buɗe masa yana raye ba za ta sami sunan ba.

Na mayar musu da wasiƙarsu a cikin kwalinsu.