Ƙararrawa a Cikin Ɗankwali

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ina aji uku a Ngaski. Kakata Hajo bandar kifi take yi, don haka mu a bakin wutar banda muke shan tatsuniya bayan magariba, hayaƙi na sa mu hawaye, ba mai tashi. Ban taɓa ganin mai iya labari irinta ba.

"Ga wata ta taho," in ji ta. Muka ce ta iso lafiya.

Wai wata makiyayiya ce shanunta suka ɓace a tsallaken ruwa, ba kuma abin da suke bi sai ƙararrawarta. Masu fito kuwa al'adarsu, da sun ji ƙararrawa sai su juya, don da ita ake kiransu daga gaɓa in an yi haɗari. Ta shiga jirgi, igiyar ruwa ta kaɗa ƙararrawar, mai jirgi ya juya. Sau uku ana haka, ga kuraye na kewaya shanu.

"Wawa ne!" na ce.

"Kai dai maigidana, bakinka ya hi ka girma," in ji Kaka. "Mi yay yi? Aikinai shi kai. Ita ta ba ta naɗe kayanta ba."

Matar ta cire ɗankwali ta naɗe ƙararrawar, ta ƙulle baki biyu. Ta haye da ita a matsayin kaya, sai a tsallake ta kwance ta kaɗa, shanu suka taho.

Bayan shekaru ina aikin kwamfuta a wata makaranta a Yelwa, aka ce in share tsoffin fayiloli ta baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Ashe a sunan wani fayil akwai harafin da ido ba ya gani, mai cewa a sauka sabon layi. In ba ka sa sunan tsakanin alamomin zance ba, kwamfuta za ta bi harafin ta raba sunan biyu. Rabin farko kuwa daidai yake da sunan fayil ɗin sakamakon ɗalibanmu, shi za ta share, ga shi ba mu da kwafi.

Yatsana na kan maɓalli na ji ƙaurin banda a hancina. Na koma na sa alama a farko, na sa a ƙarshe. Sakamakon ya tsira.

Kaka ta rasu ba ta taɓa ganin kwamfuta ba. Ni da na yi shekara huɗu ina karatun kwamfuta, ɗankwalin tatsuniyarta ne ya fisshe ni.