Ranar da Aka Yi wa Makarantarmu Kwalliya

Na daɗe ina koyarwa, an kai ni ƙauyuka da dama, wasu ma sai na yi da gaske nake tuna sunayensu. Amma akwai wata Litinin da ko tsufa ya kwashe mini duk abin da ke kaina, ita kam tana nan daram. Ranar ce mutanen kirki suka taru suka yi wa makarantarsu alheri, alherin ya zame mata asara.

A lokacin ni ne hedimasta a wata firamare da ke wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo. Iyalina suna cikin garin Karaye, kullum da safe nake hawa babur in tafi. Makarantar gini biyu ce. Ɗaya da ɗan dama-dama, ɗayan kuwa, inda 'yan aji biyar da na shida suke, sunansa kawai gini. Iska ta yaye rabin kwanon, gara ta cinye katako, bangon baya ya tsage har kana iya zura hannu ka gaisa da wanda ke waje. Benci babu, kowane yaro da buhunsa yake zuwa ya shimfiɗa. Da hadari ya haɗo sai in kaɗa ƙararrawa in sallami kowa, don ban san abin da zan gaya wa iyaye ba in bango ya faɗo wa 'ya'yansu.

A shekarar, bayan an gama kaka, ƙaramar hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a kafin ta tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Kowace mazaɓa ta turo mutanenta, wannan yana neman rijiyar burtsatse, wancan kwalbati, wani ɗakin shan magani. Da aka zo kaina, ni da dama bakina ba shi da linzami, na zayyana musu halin da ginin nan yake ciki ban rage komai ba. Aka ce kuɗin gina azuzuwa ba zai ishi kowa ba, don haka kwamiti zai zagaya ya gani da idonsa, makarantar da ta fi lalacewa ita za a fara sa wa a kasafi. Na fito ina murna, don na san in dai lalacewa ce ake nema, ba mu da na biyu.

Ranar Juma'a na kai wa mai unguwa labari cewa kwamiti zai zo Litinin. Dattijo ne mai kunya da karamci, irin mutanen da ko da yunwa suka kwana, in ka tambaye su sai su ce sai godiya. Shi ya ba da filin makarantar daga gonarsa tun kafin a turo ni.

Ya ce, "Manyan baƙi ke nan, Malam?"

Na ce, "Manya kuwa, Baba. Daga sakatariya."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya kai mu. Je ka huta, ka bar mana sauran."

Na ɗauka maganar abinci yake yi. Na hau babur ɗina na koma gida na yi hutun ƙarshen mako hankali kwance.

Litinin da hantsi na shiga gaba, motar kwamiti tana bina. Muna karya kwanar ƙarshe na ja birki, don na zaci ɓatan hanya na yi. Ginin nan namu ne tsaye fari tas yana ɗaukar ido. An yaɓe tsagar bangon, an shafe shi da farar ƙasa ciki da waje. An rufe inda iska ta yaye da kwano. An share fili, an jera duwatsu a bakin hanya, su ma an shafa musu fari. Na leƙa aji, sai ga benci reras, yara zaune a kai cikin kayan sallarsu, sun sha mai suna ƙyalli. Na gane bencin mai shayi, na gane na makarantar Islamiyya, har da na gidan kallon ƙwallo.

Ashe gayya aka yi Asabar da Lahadi. Magidanta suka kwaɓa ƙasa, samari suka hau sama, mata suka daɓe ƙasan azuzuwa, aka aika Rogo aka sayo farar ƙasa. Mutanen rugagen da ke gefen gari suka kawo kindirmo ƙwarya-ƙwarya, aka yanka zabi. Duk garin ya fito tarbar baƙi, kowa fuskarsa cike da fara'a, suna kallona suna jiran in yaba. Ni kuwa sai na kau da kai na yi wa baƙin iso.

Shugaban kwamitin mutum ne mai natsuwa. Ya shiga aji ya fito, wani daga cikinsu yana ta ɗaukar hoto da waya. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Hedimasta, ai ka tsorata mu a taro. Masha Allah, ga al'umma masu taimakon kai da kai." Sannan ya juya wajen mai unguwa ya ce, "Baba, akwai wata matsala da ke damunku?"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, muna cikin rufin asiri. Zuwanku ma kaɗai ya ishe mu."

Ana cikin shan fura na ja shugaban gefe na gaya masa gaskiya, cewa yaɓen nan ko bushewa bai gama yi ba, bencin kuma na aro ne. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, ban ƙaryata ka ba. Amma daga wata makaranta muke, yara a gindin bishiya muka same su. In na koma da hotonsu da hoton nan, wa kake jin za a zaɓa? Ni kaina da wane baki zan kare ku?" Ban ga laifinsa ba a ranar, har yau kuma ban gani ba.

Motarsu tana ɓacewa na juyo kan dattijon nan, raina a ɓace. Na ce, "Haba Baba! Wa ya sa ku? Lalacewar suka zo gani, ita ce hujjarmu, kun bi kun shafe ta da farar ƙasa!"

Ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, baƙo ya taso takanas ya zo gidanka, sai ka tarbe shi da tsumma? A je a ce mutanen garin nan ƙazamai ne, sun bar 'ya'yansu a kango?"

Na sassauta murya na yi masa bayanin yadda abin yake, cewa wanda aka ga ya fi shan wuya shi za a fara ba, mu kuwa yanzu mun nuna mun fi kowa jin daɗi. Ina magana ina ganin fara'ar tana barin fuskarsa. Da na gama ya ce a hankali, "Ashe cutar yaran muka yi."

Da na raka shi gida na ga abin da ya sa na ji kunyar faɗan da na yi. Zaurensa a buɗe yake, rana tana dukan tabarmar da yake zama. Kwanon da aka rufa wa ajinmu nasa ne, shi ya sa aka ɓalle. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Bai haƙura ba. Ya sa na goya shi a babur muka je sakatariya, ya yi bayani da bakinsa. Aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi haƙuri, amma an riga an kammala rahoto, kasafi ya wuce. Aka mayar wa kowa da bencinsa, yara suka koma kan buhu. Da damina ta kankama yaɓen ya zube, tsagar ta dawo har ta fi da. Wata Asabar, cikin ikon Allah ba kowa a ciki, bangon baya ya kwanta. Muka koma gindin darbejiya da 'yan aji biyar da na shida, ranar da aka yi ruwa babu karatu. Iyaye da yawa suka ga zaman banza ne, suka janye 'ya'yansu zuwa gona da kiwo. 'Yan aji shidan nan su ne suka fi tsaya mini a rai, don shekarar jarrabawarsu ce ta shiga sakandare.

Da shekara ta zagayo aka sake kiran taro, mai unguwa ya ce shi zai yi magana. Aka kuma sa ranar zuwan kwamiti. Wannan karon ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya ɗauki tsintsiya ya nufi makaranta, shi da shi ne. Ya kai kujerarsa bakin makarantar ya zauna yana gadin kango, har wata tsohuwa da ta zo kwashe kashin awaki sai da ya kora. Zabi kam an yanka, wannan ba wanda ya isa ya hana shi.

Da baƙin suka iso shi ya shiga gaba. Ya nuna musu bangon da ya faɗi, ya nuna buhunan da yara ke zama a kai, ya kai su gindin darbejiya. Idonsa a ƙasa, ya ce, "Ranku ya daɗe, ga halin da muke ciki. Ban taɓa buɗe cikina a gaban baƙo ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na san abin da maganar nan ta ci masa, sai da na juya baya na share ido.

An sa mu a kasafin shekarar, an gina mana azuzuwa masu kyau da benci. Sai dai yaran da suka tafi, kaɗan ne suka dawo. Har yanzu nakan haɗu da wasunsu a kasuwar Rogo, sun zama magidanta, su durƙusa su gaishe ni, ni kuwa in tuna irin kan da Allah ya ba su.

Abin da na koya shi ne, kunya da rufin asiri ado ne a gidan mutum, amma in hukuma ta zo tambayar abin da ke damun jama'a, ɓoye ciwo ba mutunci ba ne. Wanda ya ce lafiya lau alhali ba lafiya, ba shi zai biya ba, yaran da ba a tambaye su ba su za su biya.