Marlys da Katakon Odell

Duk ranar da ƙungiyar makaɗa ta Copper Heron ke da wasa, Marlys Dombrowski ce farkon isa. Rana na tsaka za ka ga tsohuwar motarta a bayan zauren, ko a La Crosse ne, ko Winona, ko wani ƙaramin garin bakin kogin Misisipi na Amurka da ba shi da komai sai coci biyu da gidan giya uku. Za ta fito da kofi a hannu, naɗin wayar lasifika a kafaɗa, ta zagaya dandamali tana tafi tana sauraron yadda ɗakin ke mayar mata da amo. Daga nan ta jera 'yan lasifikun nan masu kwanciya a ƙasa gaban kowane makaɗi, waɗanda bakinsu ke kallon 'yan ƙungiya, ba jama'a ba. A tsaye take cin burodinta da cuku. Idan makaɗan suka iso, su tarar an gama komai, sai su kama ƙorafin kofi ya huce.

Aikinta shi ne ta sa mutum biyar su ji junansu. Sautin da jama'a ke rawa da shi wani ne ke haɗawa daga tsakiyar zaure, kuma shi ake yaba wa. Marlys na gefen dandamali bayan labule, da teburinta mai maɓallai, idonta a kan hannuwan makaɗa. Mai jita ya nuna ganga ya ɗaga yatsa sama, ta ƙara masa ganga. Mai buga ogan, ɗan'uwan piyano, ta nuna bakinta ta yi ƙasa da yatsa, ta rage mata murya. Ga ƙungiyar da ke buga waƙa yau yadda ta buga jiya, wannan ƙaramin abu ne. Su kuwa Copper Heron sukan fara da salon kiɗan fank mai sa ƙugu motsi, su zarce cikin sol irin wanda aka koyo a coci, sannan su saki waƙar gaba ɗaya su shiga rok ɗin nan mai yawo da hankali, ba wanda ya san inda za a ɓulla. Wannan ya jefa, wancan ya cafe. Makaɗin da ba ya jin 'yan'uwansa ba shi da wurin tsayawa a cikinsu. Shekara talatin da 'yan kai Marlys na wannan aiki, amma da ƙyar a sami mutum goma cikin masu bin su gari-gari da suka san sunanta.

Akwai abin da ya faru a Winona da magoya baya ke labarinsa har yau, kuma labarin nasu ba daidai ba ne. Wasan la'asar ne a filin shaƙatawa na bakin kogi. Ana tsakiyar dogon kiɗa sai Odell Pettiford, mai jitar bes, wato mai kaurin sauti, wanda shi da Gunnar Tveit mai jita suka kafa ƙungiyar, ya zame daga bugun ganga, kiɗansa ya riƙa makara kaɗan, ya ci gaba a haka. Dewey mai ganga ya zaci gayyata ce, ya bi shi. Gunnar ma ya bi. Jama'a suka haukace da ihu. Magoya baya masu naɗar sautin wasa da dogayen sandunansu na makirufo suka yaɗa abin, aka raɗa masa suna Juyin Winona, aka ce Odell ya buɗe sabuwar ƙofa.

Marlys ba ta yi tafi ba. Ta daɗe da lura cewa yatsan Odell sama kawai yake nunawa, kullum a ƙara, har lasifikarsa ta kai in ka tsaya kusa da ita haƙoranka na kaɗawa. Washegari Juma'a, suna cin soyayyen kifi a hanya, ta ja kujera ta zauna gabansa.

"Odell, jiya ɓata ka yi."

"Ɓata? Ke dai ba ki san fasaha ba. Ba ki ji ihun mutane ba?"

"Ni na ji. Kai ne ban tabbata ka ji ba. Tun a mota nake maka magana ta hagu, kana ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir."

Ya ture farantin gefe. "Ki ƙara min sauti kawai, 'yar'uwa. Aikinki ke nan."

"Ba zan ƙara ba. Ɗan jin da ya rage maka zan ƙone."

"To je ki gaya wa Gunnar, ya nemo mai kunne biyu. Ni tun ina saurayi ban iya komai ba sai igiyoyin nan huɗu. Ina zan je?"

"Wurin likita za ka je, tsoho mai taurin kai. Ni ba 'yar kai rahoto ba ce, da bakinka za ka gaya musu. Amma ɗan ba ni lokaci tukuna."

Likita ya tabbatar: kunnen hagu ya kusa tafiya, na dama na bin sa. Ita kuwa Marlys ta shiga garejin marigayi mahaifinta, wanda kafinta ne, ta yanka katako mai faɗin tabarmar bakin ƙofa. A ƙarƙashinsa ta ɗaure wata 'yar na'ura da ba ta fitar da sauti, girgiza kawai take yi, ta jona ta da babbar gangar Dewey. Duk bugun da ya yi, katakon ya motsa. Gwajin farko sai da tabarau ɗin Odell ya faɗo.

"Ke, gyara ni za ki yi ko kashe ni?"

"Cire takalmi, sai in rage."

Ya cire. Ta rage. Sai ya fara bugawa, bugu a kan bugu, ba zamewa. Waɗanda suka san Odell sun ce bai cika kuka ba, amma ranar ya juya fuskarsa bango ya daɗe.

Tun daga lokacin yake wasa ba takalmi. Magoya baya suka ce wannan hikima ce, haɗuwa da ƙasa ce, su ma suka fara tuɓe nasu a bakin zaure, a jihar Wisconsin, har cikin tsananin sanyin watan Janairu. Marlys na kallonsu ta bayan labule, ba ta ce wa kowa uffan ba.

Marlys, ke ce wadda aka ba umarni da yatsa kika ƙi bi, don bin sa cuta ne. Da kin murɗa maɓalli kin huta, ba wanda zai zarge ki. Ke ce kuma ba ki bar katakon ya zama wurin ɓuya ba. Da Odell ya yi ta jan ƙafa, kin ce masa mutanen da ke dogara da kunnensa suna da hakkin sanin halin da kunnen ke ciki, kuma kin maimaita har ya gaji da ke.

A wurin atisaye Odell ya gaya wa 'yan ƙungiya. Gunnar ne ya fara magana.

"Tsaya. Wato Juyin Winona…"

"Ɓata na yi."

"Kai amma ka cuce ni! Ni da nake ta gaya wa 'yan jarida ni na tsara shi!"

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya san tambayar da ta rage. Gunnar ya dubi Marlys ya ce, "Tsakani da Allah, zai iya?"

"Tun da ya hau katakon, ka ji ya zame?"

"A'a."

"To me kake tambayata?"

Dewey ya tashi ya karkata gangunansa yadda Odell zai riƙa ganin hannuwansa. A haka suke tsayawa har yau, shekara tara ke nan.

Yanzu gwiwoyin Marlys sun ce sun gaji da hawa da sauka, ta ajiye aiki. Odell ya so ya ajiye tare da ita, ta ce masa ya daina shirme, ta koya masa jona katakon da daidaita shi da kansa. Wasanta na ƙarshe ranar Lahadi aka yi shi da rana, a wani tsohon zauren rawa mai daɓen katako a La Crosse. Kafin waƙar rufewa Odell, wanda ba ya magana a dandamali, ya matso gaban makirufo. Ya gaya wa jama'a abin da 'yan ƙungiya kaɗai suka sani, ya gaya musu dalilin cire takalmi, ya kira sunanta cikakke. Gunnar ya je ya janyo ta daga bayan labule tana turjewa. Zauren ya ɗauki tafi.

Odell ya ɗaga hannu. "Ina ganin hannuwanku, amma tafin nan ba ya iso min. Ya daɗe bai iso ba. In kuna so ku gode mata yadda ni ma zan ji, ku buga ƙafa."

Suka buga. Daɓen ya ɗauka, dandamali ya ɗauka, ƙura ta taso daga tsakanin katakai. Odell ya rufe ido, tafin ƙafarsa a ƙasa. Marlys ta tsaya da naɗin tef na liƙe waya a wuyan hannunta, ta rasa inda za ta sa idonta.

Mun gode, Marlys. Duk wanda ke tsaye kusa da wani yana ganin abin da jama'a ba sa gani, ya yi koyi da ke: ya gaya masa gaskiya ido da ido, sannan ya tsaya a nemi mafita tare. Odell na nan yana kiɗa, kuma ke ce sila.